Arziki, riba da suna: yadda manyan ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka auna cin gabansu, daga zamanin fatake zuwa yau

A cikin tarurrukan horar da ƴan kasuwa da ake shiryawa a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, mai fassara yakan gamu da kalmar Faransanci réussite tun a jimlar farko, kuma kusan kullum da « nasara » yake mayar da ita. Fassarar ba laifi ba ce a nahawu, amma duk wanda ya zauna da tsofaffin ƴan kasuwa ya san ba da wannan kalma suke yabon junansu ba. Idan suna zancen wanda kasuwa ta karɓa, cewa suke yi ya yi arziki, ko Allah ya buɗa masa, ko yana da jama'a. A cikin wannan takarda muna so mu bi tarihin ma'aunin da shugabannin kasuwanci na kudancin Nijar suka riƙa gwada kansu da shi. Za mu fara da kalmomi, tunda nan ne fagenmu, sannan mu dogara ga ayyukan masana tarihi da zamantakewa waɗanda suka yi bincike a wuraren, musamman Stephen Baier a kan Damagaram (1980), Paul Lovejoy a kan fataucin goro (1980) da Emmanuel Grégoire a kan Alhazan Maraɗi (1986).

1. Abin da kalmomin suke ɗauke da shi

« Nasara » daga Larabci ta zo, kuma a Hausa tana tafiya da aikatau « ci » ko « yi »: an ci nasarar yaƙi, an yi nasara a jarrabawa, a zaɓe, a shari'a. A duk waɗannan akwai abokin karawa, akwai kuma ranar da abin yake ƙarewa. Kasuwa kuwa ba ta da irin wannan rana, shi ya sa kalmar take zama baƙuwa a bakin ɗan kasuwa in ba zancen wata kwangila guda ake yi ba.

« Arziki » ma daga Larabci take, daga ar-rizƙ, wato abin da Allah yake ciyar da bawansa da shi. Hausa ta haɗiye harafin ma'arifa tare da kalmar, kamar yadda ta yi a « albasa » da « alƙali ». Abin lura shi ne faɗin da kalmar ta yi bayan shigowarta. Mai arziki shi ne mai dukiya, amma ɗan arziki yaro ne mai ladabi ko da ubansa ba shi da ko tamma, mutumin arziki kuma shi ne wanda za a iya zama da shi lafiya. Kishiyarta ma haka take da fuska biyu: tsiya talauci ce, tsiya kuma mugun hali ne, matsiyaci yana iya zama kowanne daga cikin biyun. Akwai kuma wani amfani da muke ganin ya fi kowanne muhimmanci ga batunmu, wato « cin arziki ». Idan mutum ya ce yana cin arzikin wane, yana nufin yana rayuwa a inuwarsa. Ke nan a tsarin harshen kansa, arziki abu ne da wasu suke ci. Ba a cewa ana cin ribar wane da wannan ma'ana, ba a kuma cewa ana cin dukiyarsa sai in ana zargin zalunci.

Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina (1972), ta lura manoma suna ɗaukar arziki kamar wata baiwa da take manne da mutum, tana iya zuwa tana iya tafiya ba tare da an san dalili ba. Karin maganar da ke cewa mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa tana faɗin haka. Wadda ke kiran arziki rigar ƙaya kuma tana faɗin ɗaya ɓangaren, wato nauyin mutanen da yake jawowa.

Sauran kalmomin sun fi ƙunci. « Dukiya » abin da aka mallaka ne, a karkara ma sau da yawa dabbobi kawai ake nufi. « Uwar kuɗi » ko « jari » shi ne abin da aka zuba, « riba » abin da ya hau kai. A nan rubutun boko yana ɓoye wani bambanci: riba mai dogon wasali a gaɓar farko ita ce ta ciniki, halattacciya, riba mai gajeren wasali kuma ita ce kuɗin ruwa da shari'a ta hana. Asalinsu a Larabci daban ne, kuma kunnen Bahaushe yana rarrabe su ko da alƙalami bai yi ba. A ƙarshe akwai « attajiri ». A Larabci at-tajir ɗan kasuwa ne kawai, ko mai tebur ne. A Hausa ya koma mai dukiya ƙwarai. Za mu ga irin wannan sauyin ma'ana ya sake faruwa da wata kalma a ƙarni na 20.

2. Zamanin ayari

A ƙarni na 19 manyan hanyoyi biyu suka shafi yankinmu. Ta farko ita ce ta Gwanja, inda fatake suke kai kanwa, tufafi, fatu da dabbobi su komo da goro daga kasuwar Salaga, tafiyar da take cin watanni masu yawa. Lovejoy ya nuna cewa rukuni uku suka riƙe wannan fatauci a ƙasar Kano da kewaye: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Biyun farko asalinsu daga arewa ne, daga cikin talakawa da bayin Abzinawa da suka gangaro suka zama Hausawa, abin da ke nuna mana tun da wuri cewa kasuwa hanya ce ta sauya matsayi ga wanda haihuwa ba ta ba shi sarauta ba. Hanya ta biyu ita ce ta hamada, daga Tarabulus ta Ghat da Abzin zuwa Damagaram da Kano, wadda ta bunƙasa birnin Zinder a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884.

Da me ake gane babban falke a wannan zamani? Kuɗin kansu ba su da sauƙin tarawa. Kalmar « kuɗi » jam'in « wuri » ce, kuma lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ana canjin dala guda ta azurfa a kan wuri 2 500. Darajar wuri ta ci gaba da faɗuwa har ƙarshen ƙarnin, ta yadda ɗaukar kuɗi masu yawa zuwa nesa yakan cinye wani babban kaso nasu a ladan dako. Mai hankali ba ya ajiye dukiyarsa a wuri. Yana mayar da ita tufafi, dawaki, jakuna, raƙuma, bashi a hannun amintattu, da mutane.

A kan wannan kalma ta ƙarshe ya kamata mu tsaya, domin akwai masu son ƙawata « arzikin mutane » su mai da shi zumunci zalla. A ƙarni na 19 kaso mai yawa na mutanen attajiri bayi ne: suna noma masa a rinji, suna dako, wasu amintattu suna tafiya da kayansa, kuma in ta ɓaci ana sayar da su a biya bashi. Baier ya ba da labarin Malam Yaro, babban attajirin Damagaram a ƙarshen ƙarnin, wanda yake da wakilai a garuruwa masu nisa, kuma Faransawan da suka iso birnin a 1899 sun yi hulɗa da shi. Ƙarfin irin wannan mutum yana cikin yawan hannayen da suke masa aiki a wuraren da shi kansa ba ya zuwa. Dokar Faransa ta 1905 ta hana cinikin bayi a yankin mulkinta na Afirka ta Yamma, amma tsarin gidan bai rushe ba. Bawa ya ragu, bara ya ƙaru, wato mutum ɗa wanda ya kawo kansa ƙarƙashin ubangida don ci da sutura da fatan jari wata rana.

Ma'auni na biyu shi ne amana. Madugu, shugaban ayari, ba lalle ne ya fi kowa kaya ba. Ana binsa ne don ya san hanya, ya san sarakunan da za a biya fito da garama, kuma fatake sun yarda ba zai ci su ba a rabon kuɗin hanya. Girman madugu shi ne yawan mutanen da suka yarda su bi bayansa bana bayan sun bi shi bara. Haka ma maigida mai saukar da baƙi a zango. Abner Cohen ya bayyana wannan a unguwar Sabo ta Ibadan (1969): maigida yana tsaya wa baƙonsa a cinikin shanu da ake yi bashi, ba takarda ba sa hannu, in mahauci ya gudu shi zai biya. Jarinsa na gaskiya shi ne sunansa, kuma ranar da ya kasa biya sau ɗaya baƙi za su sauka a gidan maƙwabcinsa. Hausa tana kiran wannan faɗuwa da aikatau mai nauyi: wane ya karye.

3. Gyaɗa da sikeli

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus. Cikin ƴan shekaru hanyar hamada ta mutu, Zinder ta rasa matsayinta na tashar ayari, a 1926 kuma ta rasa na babban birnin mulki. Fatake da suka tsira su ne waɗanda suka juya ga gyaɗa. Misalin da kowa ya sani shi ne Alhasan Ɗantata (1877-1955), Ba'agale ɗan Bebeji, wanda ya fara da goro a Gwanja ya ƙare a matsayin babban mai sayen gyaɗa na kamfanonin Ingila. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929, a kan raƙuma 20 aka kai kuɗinsa na azurfa. Abin da ya ja hankalinmu a labarin shi ne yadda aka adana shi: jama'a ba su riƙe adadin fam ba, raƙuman suka ƙirga.

A ɓangaren Faransa abin ya zo a makare kuma a ƙanƙance. Maraɗi, wadda Katsinawan da suka ƙi bin jihadi suka kafa a farkon ƙarni na 19, gari ne na sarauta da yaƙi, ƴan kasuwarta ba su kai na Kano ko Zinder ba. Cinikin gyaɗa ya kankama a can daga shekarun 1930, da zuwan kamfanoni irin su CFAO, SCOA da Compagnie du Niger français, tare da wasu ƴan Labanan. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin kwarin gulbi, aka sake gina shi a kan tudu da tituna miƙaƙƙu da unguwar kantuna. Tsarin cinikin kuwa sananne ne. Kamfani yana ba wani amintaccen Bahaushe kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa su shiga ƙauyuka su auno gyaɗa, a ƙarshen lokacin awo a yi lissafi, a biya shi la'ada a kan kowane tan.

Wannan ya kawo ma'auni sabo, na farko da ya zo daga waje kuma yake da lamba: tan nawa ka kawo bana, nawa kamfani ya yarda ya ba ka baɗi. Amma in muka duba da kyau, lambar tana auna tsohon abu ne. Wanda ya fi kawo gyaɗa shi ne wanda ya fi yawan yaran da zai iya danƙa wa jikkuna su tafi daji su komo. Bature yana rubuta tan a littafinsa, ɗan kasuwa yana ƙirga barorinsa, kuma lissafin biyu yana haɗuwa a bakin sikeli. Grégoire ya gina bayaninsa na bunƙasar Alhazai a kan wannan dangantaka ta ubangida da bara, kuma daga bakin ƴan kasuwar Maraɗi ya ɗauko kalmar « arzikin mutane ».

Ko kalmomin ƙirgar kuɗi na wannan zamani suna riƙe da tarihin. Har yau a Nijar ba da tamma muke ƙirga ba, da dala muke yi, wato tamma 5, sunan da ya taso daga tsohuwar dalar azurfa. Jikka kuma, tamma 1 000, asalinta jakar da ake zuba kuɗin ce. Ɗan kasuwar da ya ce dala ashirin yana nufin abin da takardar banki ta kira 100, kuma duk mai koyar da lissafin kasuwanci da Hausa ya san wahalar da wannan yake jawowa.

4. Alhaji

Kafin jirgin sama, aikin hajji tafiya ce ta shekaru, ta Chadi da Sudan, ana tafiya ana tsayawa neman guzuri, da yawa ma ba su komo ba. Wanda ya komo da sunan Alhaji ana ganinsa da idon mai haƙuri da ibada. Daga shekarun 1950, da jirgin sama ya mai da tafiyar ta makonni, sharaɗin ya koma kuɗin kujera. Cikin ƙarni guda bai cika ba kalmar ta bi sawun « attajiri »: a Maraɗi in an ce Alhazai, rukunin manyan ƴan kasuwa ake nufi, kuma yaron tasha yana kiran duk mai babbar riga da mota Alhaji ba tare da ya tambayi ko ya taɓa ganin Makka ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960 gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumomin da suka karɓe ciniki daga hannun kamfanonin Turawa: bankin BDRN a 1961, SONARA mai sayen gyaɗa da Copro-Niger mai shigo da kayan masarufi a 1962. Wasu daga cikin tsofaffin masu awo suka sami izinin saye da ajiya kai tsaye, suka sami bashin banki. Gyaɗa ta kai ƙololuwarta a kakar 1966-1967, sannan fari na 1973-1974 da cutar da ta auka wa shukar a 1975 suka durƙusar da ita. Alhazai ba su faɗi tare da ita ba, domin sun riga sun sami wata ƙofa. Yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970) ya yanke arewa daga wasu hanyoyinta na teku, bayansa kuma gwamnatocin Nijeriya suka riƙa hana shigo da kayayyaki iri iri. Sai Maraɗi ta zama mashigi: taba, atamfa, shadda, daga baya shinkafa, suna sauka ta Kwatano, su biya kuɗin wucewa a duwan ta Nijar bisa doka, su tsallaka iyaka ta hanyar da dokar Nijeriya ba ta sani ba. Kuɗin uraniyom na ƙarshen shekarun 1970 kuma suka kawo kwangilolin gini da na sufuri.

A wannan zamani ne ma'aunin ya fito fili ƙwarai, ta yadda baƙo ma zai iya karanta shi a titi. Gidan bene, jerin manyan motocin kaya, yawan waɗanda suke cin tuwo a ƙofar gida da dare, yawan waɗanda aka biya wa kujerar Makka, masallacin da aka gina a unguwa ko a ƙauyen haihuwa, buhunan hatsin da aka raba da azumi. Masanin tattalin arziki da ya zo daga waje yakan kira wannan ɓarna, ya ce da an zuba kuɗin a masana'anta. Muna ganin wannan hukunci ya yi gaggawa. Mutumin da yake aika kaya na miliyoyi su ƙetare iyaka da dare, ba takardar da zai kai kotu, yana bukatar mutanen da ba za su iya cin amanarsa ba saboda shi ya yi musu aure, shi ya kai iyayensu Makka. Abin da ya kashe a kansu shi ne inshorarsa. Masana'anta kuwa a fili take, mai lampo yana ganinta, kuma kayan Nijeriya masu araha suna iya kashe ta duk ranar da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi daga 1986. Ba muna cewa lissafi ne kawai yake sa Alhaji ya gina masallaci ba. Neman lada gaskiya ne a zuciyarsa. Sai dai tsarin ya daidaita ta yadda lada da suna da amincin ciniki suke fitowa daga aiki guda.

Akwai ma lissafin shekara a cikin wannan tsari, ko da yake ba a kiransa haka. Zakka tana wajabta wa ɗan kasuwa ya ƙiyasta kuɗinsa da kayan sayarwarsa da bashin da yake sa ran karɓa sau ɗaya a shekara, ya fitar da kashi 1 cikin 40. Wanda ya fitar da zakka bisa ƙa'ida ya yi abin da akanta yake kira bilan, kuma jama'a suna ƙiyasta ƙarfinsa daga yawan abin da ya fita. Bambancin shi ne wa ake yi wa lissafin. Mutum guda yana iya ƙirga dukiyarsa har ƙwandala don zakka, ya kuma rantse wa ma'aikacin lampo cewa bana kasuwa ba ta yi ba.

Wani ma'auni da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne kusanci da masu mulki. Izinin shigo da kaya, kwangila, bashin banki, duk suna bi ta ofis. A ƙarƙashin jam'iyyar RDA, da mulkin Seyni Kountché daga 1974, da zamanin jam'iyyu da yawa bayan babban taron ƙasa na 1991, babban ɗan kasuwa shi ne wanda ake amsa kiransa a Yamai. Wannan ma'auni ya yi tsada ga ƙasa. BDRN ta rushe a 1990 a ƙarƙashin basussukan da ba a biya ba, kuma manyan ƴan kasuwa suna cikin waɗanda suka ci su. Nan iyakar amanar ta bayyana: mutumin da ba zai kwana da bashin abokin cinikinsa na Kano ba yana iya ɗaukar kuɗin banki kamar kuɗin da ba su da mai su. Amana tana aiki tsakanin fuskoki da suka san juna, banki kuma ba shi da fuska.

5. Masu sukar ma'aunin

Suka mafi ƙarfi daga cikin gida ta fito. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo Maraɗi a shekarun 1980, kuma Grégoire ya lura cewa matasan ƴan kasuwa suna cikin waɗanda suka fara karɓarta suka kuma tallafa mata. Wa'azinta ya taɓa aljihu kai tsaye: a rage kashe kuɗi a aure da suna, a daina ba maroƙa, a daina biyan malaman tsibbu don neman sa'ar kasuwa. Guy Nicolas ya riga ya bayyana yadda biki yake a wannan yanki, inda kyautar da aka kawo maka take zama bashin da za ka mayar da riɓi. Ga matashin da yake son tara jari, wa'azin ya ba shi hujjar addini ta fita daga wannan zagaye ba tare da a kira shi marowaci ba. Bai daina bayarwa ba, inda yake bayarwa ne ya sauya: makarantar islamiyya, asibiti, masallacin ƙungiya. Ana iya cewa an rage cin arzikin mutum, an ƙara cin arzikin abin da ya gina.

Mata ma suna da nasu lissafin, wanda binciken shekarun 1980 bai ba shi haƙƙinsa ba. Hajiyoyin da suke fataucin atamfa da kayan ɗaki suna auna kansu da gidan da suka saya da sunansu da auren ƴaƴan da suka yi da kuɗinsu, kuma a jihar Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a 1991.

Sai takarda. Yarjejeniyar OHADA ta 1993 da tsarin lissafi na bai ɗaya da ƙasashen UEMOA suka fara aiki da shi a 1998 sun sa duk kamfanin da yake son bashin banki ko kwangilar gwamnati ya nuna littattafansa. Karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, lokacin da tamma 100 ta koma daidai da faran guda na Faransa maimakon 50, ta koya wa masu shigo da kaya cewa ana iya kwana da dukiya a tashi da rabinta. Ƴaƴan Alhazai da suka yi karatu a Dakar, Kazablanka ko Faransa sun komo da wasu kalmomi: yawan cinikin shekara, kason kasuwa, ribar da ta rage bayan haraji. A Nijeriya sauyin ya kai ƙarshensa a gida guda. Aliko Ɗangote, wanda Alhasan Ɗantata kakan mahaifiyarsa ne, ya sa kamfaninsa na siminti a kasuwar hannun jari ta Legas a 2010, kuma mujallar Forbes ta Amurka tana ƙiyasta dukiyarsa da dalar Amurka bisa farashin hannun jarin. Daga raƙuma 20 zuwa wannan lissafi, zuriya uku ce kawai a tsakani.

A kudancin Nijar ba a kai nan ba, kuma muna shakkar cewa hanyar guda ce tilas. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986, da na 2019 zuwa 2020, da takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wanda aka ɗage a Fabrairu 2024, kowanne ya tsayar da cinikin da yake bisa takarda, ya bar wanda yake bisa mutane yana lallaɓawa ta hanyoyin daji. Muddin iyaka tana iya rufuwa da sanarwar dare ɗaya, mai yara a Jibiya da Illela da Maigatari yana da abin da littafin akanta ba ya nunawa.

Inda tsohon ma'aunin yake da rauni na gaske shi ne gado. Arzikin mutane ba ya shiga rabo. Ranar da Alhaji ya rasu, alƙali ko malamai suna raba gidaje, motoci da kuɗi tsakanin matansa da ƴaƴansa, waɗanda sau da yawa suna da yawa, amma barori ba kaya ba ne: kowannensu yana kama gabansa ko ya nemi wani ubangida, abokan ciniki na Kano kuma ba su san ɗan ba sai da suna. Shi ya sa gidajen kasuwanci kaɗan ne suka wuce wanda ya kafa su da ƙarfinsu. Tsofaffin ƴan kasuwa sun san haka, kuma ga alama ba su ɗauke shi asara ba, domin abin da suke ƙirgawa a ƙarshen rayuwa shi ne yaran da suka sallama, wato waɗanda suka ba jari suka tsaya da ƙafarsu har su ma aka kira su Alhaji. A Faransanci kamfanin da ya watse bayan mai shi ya gaza. A bakin ƴan kasuwar Maraɗi, in an tashi yabon mamaci, sunayen waɗannan yaran ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, a ce duk daga gidansa suka fito.